Takarda Ruwa Ce Kafin Ta Bushe: Yadda Kwamfuta Ke Gyara Siffar Injin Takarda

A wata maɗaba'a da ke Tudun Wada, nan Kaduna, inda nake kai bugun katin biki da 'yan littattafan Islamiyyar unguwarmu, akwai wani dattijo mai kula da injin bugu da ba ya karɓar takarda sai ya yi mata jarrabawa. Falle ɗaya yake zarowa daga rim, ya fita bakin ƙofa, ya ɗaga shi ya leƙi rana ta cikinsa. Ran da na tambaye shi abin da yake nema, miƙo mini kawai ya yi.

"Duba da idonka, Malam. Ka ga gajimare?"

Na gani kuwa. Nan haske, can duhu-duhu, dabbare-dabbare kamar sama a farkon damina.

"To, irin wannan in ta hau inji, wani wuri ya sha tawada, wani ya ƙi. Mai aiki kuma ni zai zo ya yi wa faɗa, ina ya san mai takarda?"

Na ce, "Baba, ashe takarda ma suna ta tara."

Bai tanka ba, sai ya yaga fallen ta tsawonsa, yagar ta tafi sambal kamar an sa reza. Ya juya ya yaga ta faɗi, ta yi ta karkacewa. Ya ce shi ya sa ba ya yanka takardar littafi sai ya san inda jijiyarta ta fuskanta, in ba haka ba hunturu na kamawa bango ya fara lanƙwashewa, shafuka su ƙi kwanciya.

Baba ya san ciwon sarai, sai dai ba a shagonsa takardar ta kamu ba. Gajimaren nan da jijiyar nan an haife su ne cikin abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba, a wata masana'anta mai nisa, lokacin da takardar ruwa ce tsagwaronta mai ɗan zare-zare a ciki. Abin da ya yanke mata hukunci kuwa shi ne siffar ƙarfen da ruwan ya ratsa: inda ya buɗe, inda ya tsuke, inda ya yi kwana. Dalilin da ya sa ke nan manyan maƙeran injin takarda a yau ba sa yanka ƙarfe sai sun fara gudanar da ruwan a cikin kwamfuta.

Daga wuyan hannu zuwa ƙarfe

Wanda ya taɓa zama da tsofaffin littattafan malamanmu a Gidan Arewa da ke titin Rabah, ya kuma yi irin ɗagawar Baba, zai ga da yawa daga takardun ƙarni na 19 suna ɗauke da jinjirin wata uku a cikin jikinsu. Daga arewacin Italiya suke, da dama daga masana'antun gidan Galvani, fatake suka ɗauko su daga Tarabulus suka keto Sahara da su zuwa Borno da Kano. Sana'ar ta hannu ce tun asali, tun zamanin Cai Lun na ƙasar Sin a shekara ta 105: a jiƙa tsumma ko ɓawon itace, a daka har ya zama ƙullu, a tsinka shi da ruwa, mai yi ya tsoma faffaɗar rariya ya ɗago, ya girgiza ta gaba da baya, hagu da dama, kafin ruwan ya tsiyaye. Gwanintar duka tana wuyan hannunsa.

A 1799 wani Bafaranshe, Louis-Nicolas Robert, ya yi rajistar injin da ya mai da rariyar ta zama bel mai zagayawa ba tsayawa. A 1803 aka kafa irinsa a Frogmore da ke Ingila da kuɗin wa da ƙane na gidan Fourdrinier, waɗanda har yau ake kiran injin da sunansu. Injinan farko sun ci gaba da girgiza rariyar gefe da gefe, amma da gudu ya yi yawa girgizar ta daina cim ma ruwan. Aikin shimfiɗa sai ya koma kan wani akwati da ke farkon inji, wanda injiniyoyi ke kira hedbos. Ni a nan akwatin feshi zan ce masa.

Sai an yi ɗan lissafi za a ji nauyin da aka ɗora wa akwatin nan. Takardar A4 mai lamba 80 da muke saye, ma'anar lambar ita ce murabba'in mita ɗaya giram 80 ne. Falle 16 ke cika murabba'in mita, ke nan falle ɗaya giram 5 ne, rim mai falle 500 kuma kilo 2 da rabi. Ƙullun da ke fita daga akwatin feshi kuwa, zaren cikinsa bai cika wuce kashi 1 cikin 100 ba, sau da yawa ma ba ya kaiwa. Wato kowane falle guda sai da ledar fiya-wata ɗaya da ɗoriya ta tsiyaye daga jikinsa.

Mu ɗauki inji mai faɗin mita 8 da ke gudun mita 1,200 a minti. Kilomita 72 ke nan a awa, wanda direbobin Kawo zuwa Zariya za su raina, amma a tuna jiƙaƙƙiyar takarda ce ke wannan gudun, kuma akwai injinan da ke kusantar kilomita 120. In bakin akwatin ya buɗe santimita 1, ruwan da ke fita a daƙiƙa ɗaya lita 1,600 ne, duro 8 cif. Matsin da zai kora shi a wannan gudun daidai yake da na tankin da aka ɗora a tsayin mita 20, kamar kan bene mai hawa shida ko bakwai. Duk wannan ruwa ta bututu ɗaya yake shigowa daga gefe, ana kuma so ya yi kwana, ya baje ya zama mayafi mai faɗin mita 8 da kaurin ɗan yatsa, gudunsa ɗaya, yawan zarensa ɗaya, tun daga wannan gefe har wancan.

Mashaƙa uku a cikin akwati ɗaya

Ta farko ita ce ƙaton bututun da ke kwance a bayan akwatin, mai bin faɗin inji yana rarraba ruwa cikin ɗaruruwan ƙananan bututu. Mu kira shi bututun rabo. Duk wanda ya taɓa bin layin alwala a masallacin Juma'a zai ce ai abin a fili yake: famfon farko ya yi ta ambaliya, na ƙarshe ya yi ta ɗiga. Haka ne a siririn bututu mai tsawo, inda gugar ruwa da bango ke cinye ƙarfinsa kafin ya isa. A ƙaton bututu gajere labarin juyewa yake yi. Duk sa'ad da wani kaso ya fice ta gefe, ragowar ruwan sai ya sami fili ya sassauta gudu, ruwa kuwa in ya sassauta gudu matsinsa hawa yake yi, kamar yadda Daniel Bernoulli ya bayyana tun 1738. Sai ka tarar ƙarshen bututun ne ke turowa fiye da farkonsa, takarda ta fito gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri.

Maganin shi ne a riƙa tsuke bututun sannu a hankali daga mashiga zuwa ƙarshe, don kada ragowar ruwan ya sami inda zai huta, sannan a bar ƙofa a can ƙurya da kusan kashi 10 cikin 100 zai fice ya koma baya. Faɗa da baki ba wuya. Wace irin tsukewa? Miƙaƙƙen layi ba ya bayar da daidai, domin guga na jan matsi ƙasa, raguwar gudu na tura shi sama, ƙarfin kowannensu kuma na sauyawa daga taku zuwa taku. Bangon da ya dace yana da ɗan lanƙwasa da ido ba zai iya ƙiyastawa ba.

Matsala ta biyu mata sun riga injiniyoyi saninta. Wadda ta taɓa talge ko damun kunu ta san gudaji, ta kuma san maganinsa maburgi. Zaren itace dogo ne siriri: na itatuwan ƙasashen sanyi irin su fayin yakan kai milimita 3, na bishiyar turare irin wadda aka dasa a dajin Afaka kusan milimita 1, kaurinsu duka bai kai na gashin kai ba. Abu mai irin wannan ƙira in ya yi yawa a ruwa sarƙewa yake yi, ya dunƙule. Dunƙulen nan in ya sauka a rariya ya bushe, shi ne gajimaren Baba.

Maburgin inji shi ne waɗancan ƙananan bututu da aka jera kamar saƙar zuma. Kowanne yana farawa siriri, sai kwatsam ya buɗe, kamar matakalar bene. A daidai matakalar ruwa ke rikicewa, ƙananan guguwa su tashi su yayyaga gudajin. Sai dai guguwar suna ta tara ita ma. In ta yi girma, kwasar gudajin take yi ta juya da shi bai fashe ba, ta kuma bar zane-zane a jikin takarda. In ta yi ƙanƙanta, mutuwa take yi da wuri, zaruruwa su sake rungumar juna kafin ƙiftawar ido, tun ba su isa rariya ba. Faɗin bututun, tsayin matakalar, nisanta da mafita, kowanne na sauya girman guguwar da tsawon ranta.

Ta uku ita ce bakin akwatin, inda rufi da daɓe ke matsowa juna har su bar 'yar siririyar kafa, irin yadda mai wankin mota ke danne bakin tiyo da babban yatsa. Ruwa in yana ƙara gudu, jan abin da ke cikinsa yake yi ya miƙar da shi, kamar karan da ambaliya ta kwaso a kogin Kaduna in ya zo matsatsi. Nan jijiya ta samo asali, sai kuma bambancin gudu tsakanin feshin da rariya ya ƙarasa ta. Ba a cika daidaita su cif ba, da gangan ake barin ɗaya ya ɗan fi ɗaya.

A nan ne lissafin ya fi ba ni mamaki. A ce rariya na gudun mita 1,020 a minti, feshi na 1,000. Zaren da ke sauka ba ruwansa da dubun, ashirin ɗin nan ta tsakani kawai yake ji. To a ce a wani wuri ruwan ya ɗan karkata gefe da gudun mita 5 a minti, rabin kashi ɗaya cikin ɗari na gudunsa, abin da ba idon da zai gani. A wurin zaren, 5 ce a kan 20, karkatar kusan digiri 14. Takardar da jijiyarta ta karkace haka, in ta sha zafin injin fotokwafi ko bushewar hunturu, murɗewa take yi ta kusurwa, ta maƙale, mai shago ya yi ta dukan inji yana zagin wanda bai ji ba bai gani ba.

Shekaru da yawa, in wani sashe na takarda ya yi kauri, leɓen bakin akwatin ake ɗan dannewa a daidai wurin da wasu sukurori da aka jera a kansa. Kaurin ya gyaru, amma ruwan da aka tare dole ya nemi hanya ta gefe, sai jijiya ta karkace. Gyaran gangar auzinawa. A shekarun 1990 manyan kamfanoni irin su Voith na Jamus da Valmet na Finlan suka fito da wata dabara: a bar leɓe a miƙe, inda ya yi kauri a tsinka ƙullun wurin da ɗan ƙarin ruwa ta bawul nasa na kansa, bawuloli da dama a jere a faɗin inji.

Yadda ruwa ke gudu a cikin kwamfuta

A da, hanyar gwada sabuwar siffa ita ce a ƙera ta, ko da roba mai gani-har-hanji ko a ƙaramin injin gwaji, a zuba ruwa a kalla. Kowane gwaji kuɗi ne da watanni, don haka siffa uku ko huɗu ake gwadawa a ɗauki mai dama-dama.

Ruwa kuwa ba shi da wayo, doka yake bi. Abin da ya shiga wuri dole ya fita, kuma ba ya sauya gudu ko alƙibla sai wani abu ya tura shi ko ya ja shi. Bafaranshe Claude-Louis Navier a 1822 da George Stokes a 1845 suka rubuta dokokin nan cikin harshen lissafi. Rubutawa daban, warwarewa daban. A 2000 Cibiyar Lissafi ta Clay da ke Amurka ta sa ladan dala miliyan 1 ga wanda ya tabbatar ko lissafin nan yana da lafiyayyar amsa a kowane hali, abin da ke nuna irin taurinsa.

Kwamfuta ba warware shi take yi da hikima ba, da naci take yi. Injiniya zai zana cikin akwatin feshi, manhaja ta yanka sararin gida-gida kamar gurabun dara, sai dai gidajen miliyoyi ne, ƙanana a kusa da bango da kwana inda abubuwa ke saurin sauyawa, manya a tsakiya. Kowane gida na riƙe da littafin shiga-da-fita: nawa ya shigo daga maƙwabci, nawa ya fita, da wane ƙarfi. A gaya wa kwamfuta abin da ke shigowa ta mashiga da matsin da ke mafita, a kuma gaya mata ruwan da ke manne da bango ba ya motsi. Ta fara da kintace, ta zagaya gidajen tana gyara na kowa da na maƙwabcinsa, sau ɗari, sau dubu, har littattafan su daidaita. Wannan fanni shi ake taƙaitawa da CFD.

Akwai wurin da dole a yi ha'inci na halal. Tun 1883 Osborne Reynolds ya nuna a Mancesta, da ɗigon rini a bututun gilashi, cewa ruwa in ya wuce wani gudu daina tafiya a layi yake yi ya hargitse. Ruwan akwatin feshi ya wuce wannan iyaka nesa ba kusa ba, kuma ƙananan guguwarsa sun fi gidajen lissafin ƙanƙanta. Maimakon a bi kowace guguwa, sai a ƙiyasta tasirinsu a dunƙule. Ƙiyasin da aka fi amfani da shi a masana'antu, mai suna k-epsilon, ya fito ne daga Kwalejin Imperial ta Landan a farkon shekarun 1970, ta hannun Brian Launder da Brian Spalding da abokan aikinsu. Haka saƙar zumar nan: in ana nazarin bututun rabo, ba a zana ɗaruruwan bututun ɗaya bayan ɗaya, sai a maye gurbinsu da wani shinge mai tare ruwa daidai gwargwadon tarewarsu.

Har yanzu dai kwaikwayo ne kawai, wato ka kawo siffa, kwamfuta ta gaya maka yadda ruwa zai yi a cikinta. Gyaran siffa shi ne a juya tambayar: ga yadda nake so ruwa ya fita, wace siffa ce za ta ba ni?

Ga yadda ake yi da bututun rabo. A ɗauki bangonsa na baya, a kafa masa turaku goma, a ce kowane turke na iya matsowa ciki ko ya ja baya, bangon kuma ya bi ta kansu a lanƙwashe ba karaya. Lamba goma ke nan ke bayyana siffar gaba ɗaya. Sannan a ƙirƙiri maki guda: a auna ruwan da ke fita a kowane taku, a ga nisansa da matsakaici, a tara. Makin nan in sifili ne, rabo ya yi daidai. Sai a sa wata manhajar a kan ta farko, aikinta ta motsa turke, ta sa a sake gudanar da ruwa, ta duba ko makin ya sauka, kamar makaho mai neman gangara da sandarsa. Turke goma na bukatar gudanarwa goma sha ɗaya kafin a yi taku ɗaya. In turakun ɗari ne, abin ya fi ƙarfin haƙuri, shi ya sa ake aron wata dabara daga masu zana fukafukan jirgin sama, wadda Antony Jameson ya yaɗa tun 1988: a warware lissafin sau ɗaya gaba, sau ɗaya kuma daga maki a koma baya, a sami tasirin dukkan turakun a lokaci guda. Wasu kuma kiwo suke yi: a saki siffofi hamsin, a zaɓi nagari a haɗa su, a zubar da ragowar, a maimaita. A garin Jyväskylä na Finlan, inda Valmet ke ƙera injinan takarda, masana lissafi na jami'ar garin da injiniyoyin kamfanin suna kan irin wannan aiki a kan akwatin feshi tun shekarun 1990.

Kwamfuta ba ta da kunya. In ba ka ɗaure ta ba, za ta kawo maka bango mai tudu da kwari kamar kunyar dankali, ta ce makinsa ya fi kyau. A lissafi gaskiyarta ne, amma ba mai waldar da zai ƙera shi, kuma duk lungun da ruwa ya lafa, zare da yauƙi za su taru, wata rana su ɓalle su tsinka takarda ana tsakiyar gudu. Sannan bukatun kansu kishiyoyi ne. Ƙara tsuke saƙar zuma na daidaita rabo, amma famfo zai ƙara shan wuta. Siffar da ta yi wa takarda mai giram 60 daidai ba lalle ta yi wa mai 120 ba, alhali inji ɗaya ne zai yi su duka. Abin da manhaja ke iya yi shi ne ta jero siffofin da ba za a ƙara wa ɗayansu wani alheri ba sai an rage wani. Zaɓi na mutum ne.

Inda hoton ke ruɗi

Sakamakon CFD kyakkyawa ne, ja da shuɗi da kore, kibiyoyi na bin juna. Na lura ɗalibai kan yi saurin gaskata shi saboda kyansa, alhali amsa marar gaskiya ma haka take fitowa da kwalliyarta.

Babban raunin shi ne ƙullun takarda ba ruwa ba ne. Giram ɗaya na zaren turare na ɗauke da zaruruwa fiye da miliyan 10, lita ɗaya ke nan ta haura miliyan 100, ga shi kuma lita 1,600 ke wucewa a daƙiƙa. Babu kwamfutar da za ta bi su ɗaya-ɗaya. A ƙasa da kashi 1 cikin 100 ana iya ɗaukarsa kamar ruwa a lissafin rabo, a kuma dace. Amma da ya kai kashi 3 ko 4, kamar a tankunan ajiya da wurin dama shi, hali yake sauyawa: ya tsaya ƙyam kamar ƙullun waina mai kauri, ba ya motsi sai turin ya wuce wani mizani, in kuma ya motsa a bututu sai ya tafi a dunƙule, siririn ruwa na zame masa a jikin bango. Lambobin da ke bayyana wannan hali ba daga kwamfuta suke fitowa ba, aunawa ake yi. Aunawar ma da wuya, domin hasken leza da ake leƙa gudun ruwa da shi ba ya ratsa ƙullu, sai a koma ga sautin nan irin na hoton ciki a asibiti. Shi ya sa har gobe manyan kamfanoni ba su rushe injinan gwajinsu ba. Kwamfuta na tace siffa ɗari ta bar uku, injin gwaji ya raba gardama.

Ba akwatin feshi kaɗai ake yi wa haka ba. Akwai mazurarin da ke juya ƙullu kamar guguwa don yashi da ƙusoshin kwali su faɗa ƙasa, akwai farfelar tukunyar da ke narkar da tsohuwar takarda, akwai hanyoyin iska a rumfar busarwa. Ta ƙarshen nan kuɗi ce tsagwaronta. Takarda na barin rariya da kusan kashi 80 cikin 100 ruwa, matsewa ta mai da shi kusan rabi, ragowar sai tururi, wanda shi ke cin mafi yawan makamashin inji. In matsewa ta ɗaga bushewa daga kashi 45 zuwa 46, ruwan da za a ƙona ya ragu da kusan kashi 4 cikin 100.

To mu ina ruwanmu?

Nijeriya ta gina manyan masana'antun takarda uku: ta Jebba da ta fara aiki a 1969, ta takardar jarida a Oku Iboku da ke Akwa Ibom a 1986, da ta Iwopin a jihar Ogun. Kafin ƙarshen shekarun 1990 duk sun tsaya ko sun koma aiki sama-sama, daga baya aka sayar wa 'yan kasuwa. Ba siffar akwatin feshi ce ta kayar da su ba, kada wani ya ɗauka manhaja za ta tashe su. Dogon zaren da sai an shigo da shi da kuɗin waje, wuta, kayan gyara da sha'anin gudanarwa su ne suka yi aikin. Mu a Kaduna da muka ga yadda masaƙun Kakuri suka yi shiru ba sai an yi mana dogon bayani ba. Garin da jaridar New Nigerian ta fara fita a 1966, ga maƙwabciyarsa Zariya da ta haifi Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, yau akasarin farar takardar da maɗaba'unsa ke bugawa ta jirgin ruwa take zuwa.

A ganina inda ilimin nan zai yi mana rana ba a inji mai mita 8 ba ne. A ƙananan masana'antu ne, masu mai da tsohon kwalin da 'yan jari-bola ke tarawa ya zama tishu, takardar naɗi, ko kiret ɗin ƙwai da gidajen kaji ke saye ba dare ba rana. Mai irin wannan sana'a yakan sayo tsohon inji ne da aka zana don wani zaren daban da wani gudun daban. In ya rage gudu saboda wuta, ko ya sauya ƙullu, tsukewar bututun rabon ta daina dacewa, sai ya ƙara zare don ɓangaren da ya fi siranta ya kai mizani. Ƙarin nan asara ce a kowane naɗi, kullum.

Kayan aikin kuwa ba su yi nisa ba. Manhajar OpenFOAM, mai yin lissafin CFD, kyauta ce tun 2004, ga wanda ba shi da kuɗin lasisin irin su Ansys Fluent, kuma lissafin bututun rabo na ƙaramin inji bai fi ƙarfin kwamfutar tebur mai kyau ba. Ga sassan injiniya a Kadpoli, wato Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, da Jami'ar Ahmadu Bello, ga Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Mando. Ga kuma Panteka, kasuwar maƙera, a maƙwabtan Kadpoli, inda in ka kai zane da awo za a naɗa maka ƙarfe yadda ka ce. Sharaɗin kawai shi ne a tambayi maƙerin iyakar lanƙwasar da na'urarsa ke iya yi kafin a saki manhaja, a sa wannan cikin dokokin da aka ɗaure ta da su.

Abin da ba za a sauko da shi daga intanet ba shi ne halin namu ƙullun. Rama, wadda ɓawonta ke da dogon zare, cikinta kuma gajere, tuƙar rake, wadda Indiya da Masar suka daɗe suna yin takarda da ita, karan dawa, kwalin da aka riga aka narkar sau uku har zarensa ya gaji. Kowanne da yadda yake gudu a bututu da yadda yake gudaji. Ɗalibin da ya ɗauko lambobin zaren fayin na Finlan ya zuba wa rama zai sami hoto mai kyau da amsar banza. Aunawar farko ba ta bukatar leza: famfo, zagayen bututu mai 'yan mitoci, siraran tiyo masu gani-har-hanji biyu a tsaye don karanta bambancin matsi, bokiti da agogo.

Gano ko inji na da ciwon ma ya fi haka sauƙi. A yanko ɗamara ɗaya daga naɗin takarda, daga gefe zuwa gefe, a yanka ta murabba'i-murabba'i santimita 10 a kan 10, a sa wa kowanne lamba, a auna a sikelin masu gwal. In takardar mai giram 80 ce, kowanne ya kamata ya ba da giram 0.8. In nauyin na hawa sannu a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, a fara tuhumar bututun rabo. In hawa da sauka yake yi a tazara ɗaya, a duba saƙar zuma ko leɓe. In gefunan biyu ne kawai suka bambanta, ko bangon gefe ne ko ƙanƙancewar busarwa. Wannan jadawalin shi ne abin da lissafin kwamfuta zai fara haifarwa da tsohuwar siffa kafin a yarda da abin da ya ce game da sabuwa.

Na kwashe wannan duka na gaya wa Baba, na ce wahalar ɗaya ita ce yankan, domin in murabba'in ya kauce da milimita 1 a kowane ɓangare, awon ya kauce da kashi 2 cikin 100. Ya dubi injin yankansa, ya shafa wuƙar da bayan yatsa.

"In yanka ne, Malam, kawo. Amma kada ka zo mini lokacin fastocin zaɓe."